Yadda Buti Malose Ya Zaɓi Bakansa

Yayana Malose ya yi shekara talatin da huɗu yana bin jinin dabbobin da wasu mutane suka harba, shi kuwa ko zabuwa bai taɓa harbi ba. Na fara da wannan ne domin duk wanda ya gan shi a Vaalwater da hular gandun nan da takalman daji, maharbi yake ɗaukarsa. Ba maharbi ba ne. Mai bin sawu ne, kuma mai fiɗa. Baƙo zai zo daga Pretoria ko daga ƙetare, a zaunar da shi a ɗakin fako kusa da mashaya, ya saki kibiya ya sami dabba a ciki ko a cinya, sai a kira Malose a rediyo. Shi zai durƙusa yana duba ciyawa, shi zai ratsa ƙaya, wani lokaci tun hantsi har la'asar. In ya gano dabbar, ya goge mata jinin hanci, ya gyara mata zaman kai, sai a ce ya ɗan matsa gefe za a ɗauki hoto.

Ni ce Mosima, autar gidanmu; shi Sesi yake ce mini, wato 'yar'uwa, ni kuma in ce masa Buti, wato yaya. Shekara goma sha uku ya ba ni. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, shi ya tsaya har na gama sakandare, saboda haka ina da bakin magana a kansa, kuma zan yi.

Da farko a mahaƙar ƙarfe ya yi aiki, can wajen Thabazimbi. Ƙirjinsa ya ƙi wurin, ya dawo gida yana da shekara ashirin da bakwai, ya sami aikin gyaran wayar shinge a gandun namun dajin wani Bature, Oom Stoffel. Wata rana wani gwanki ya ɓace da kibiya a jikinsa, mutum huɗu suka yi ta bulayi suka gaji. Malose ya ajiye filayarsa ya bi, domin tun yana kiwon awakin kakanmu ba a taɓa ɓace masa da dabba ba. Kafin azahar ya kai su har gindin itacen da gwankin ya kwanta. Daga ranar bai sake gyaran waya ba. A gandun ya yi aure, a nan ya haifi 'ya'yansa uku da yanzu duk suke Tembisa, daga nan aka ɗauki gawar matarsa. Mutum ne da zama ba ya karɓarsa. A coci can baya yake tsayawa kusa da ƙofa. Tuwon masara ma a tsaye yake ci, yana leƙen taga kamar wanda aka ce za a zo kamawa.

Gandun na baka ne zalla. Oom Stoffel ya hana bindiga tun da daɗewa, wai ƙararta tana korar dabbobi daga ruwa. Bakunkunan kuma irin na zamani ne, masu 'yan tayoyin ƙarfe sama da ƙasa da igiyoyi a harɗe, waɗanda in ka ja ka wuce wani wuri sai nauyin ya sauka, ka iya riƙewa kana auna. Malose ya san su kamar yadda na san tukwanen makarantar firamaren da nake dafa wa abinci. Yana daga nesa zai ji ƙarar tashin kibiya ya ce wannan tsirkiyar ta saki, ko ya ce wannan bakan ya fi ƙarfin mai shi, mu shirya doguwar tafiya. Kuma haka ɗin za ta kasance.

Ran Lahadin farko ta watan Yuli ya shigo gidana. Na tura masa kujera, ya zagaye ta.

"Zauna mana, Buti, kana sa ni jiri."

"An sayar da gandun."

"Na ji tun jiya a layin burodi. Wikus me ya ce?"

Wikus ɗan Oom Stoffel ne, shi ke riƙe da gandun tun rasuwar tsohon.

"Ƙarshen Agusta zai miƙa makullai. Waɗanda suka saya lemo za su shuka, dabbobin kuma za a kama su a yi gwanjo. Ya ce kafin nan in zaɓi namijin barewar impala ɗaya. Ni zan harba, da hannuna."

"Shekara talatin da huɗu, barewa ɗaya. Ko akuya ba su ɗora maka a kai ba?"

"Sallamata daban take, Sesi. Wannan ba ita ba ce. Ba ki gane ba."

"Na gane sarai. Da me za ka harbe ta, da harara?"

"Shi ya kawo ni. Motarki tana tashi?"

Sabon baka ba na irinmu ba ne, wannan kowa ya sani. Na hannu za a nema, kuma mako takwas kawai ya rage, a cikinsu har da koyon harbin. In Agusta ta wuce, ba gandu, ba barewa, kuma ba wanda zai sake ce wa tsohon mai fiɗa ɗan shekara sittin da ɗaya ya zo ya zauna a ɗakin fako.

Baka na farko Wikus ne ya kawo shi da kansa. Ya kira mu ɗakin da baƙi suke shan giya, ya hau kujera ya sauko da bakan mahaifinsa daga bango, ya hure shi, ya miƙa da hannu biyu. Idonsa har ya kawo ruwa.

"Ntate," ya ce, domin da wannan kalmar girmama dattijo yake kiran yayana tun yana ƙarami, "Baba zai so a ce kai ka riƙe shi."

Malose ya karɓa ya yi godiya. Sai ya sa hannu a aljihun riga ya ciro ɗan curin auduga, irin wadda ake goge ciwo da ita. Wani baƙo ɗan Amurka ya taɓa gani yana yin haka kowace safiya, shi kuma yana tsaye bakin ƙofa yana jira, ya haddace. Ya bi fiffiken baka na sama da audugar, a hankali, gefe da gefe. Ya koma na ƙasa. Kusa da inda fiffiken ya shiga mariƙi, wasu siraran zaruruwa suka maƙale suka tsaya. Ya sake bi, suka sake maƙalewa. Ido ba ya ganin komai a wurin, amma tsaga ce.

Wuyan Wikus ya yi ja.

"Baba ya kashe ɓauna da bakan nan."

"Na sani, ni na bi ta. Amma shekara tara ke nan yana rataye ƙarƙashin kwano. Zafi ya ci shi. In aka ja, a fuskar mutum zai tashi."

Wikus ya sake hawa kujera ya mayar da shi. A mota na yi ta faɗa har bakin titi. Mutum ya ba ku ƙuruciyarsa da gwiwoyinsa, ku saka masa da kayan adon bango, abin da zai cire masa ido. Malose ya ce Wikus bai sani ba. Na ce ai rashin sanin shi ne abin haushin, domin da baƙo mai dala za a ba, da an sani.

Daga nan kowace Asabar muna kan hanya. Ni ke tuƙi, shi yana gefe yana buga gwiwa da yatsu, yana faɗa mini ramukan da na riga na gani.

A Lephalale wani mai aikin walda ya ciro nasa daga bayan kujerar a-kori-kura, da zafinsa kamar burodin da aka sauke yanzu. Auduga ta wuce lafiya. Malose ya ɗauki kibiya ya kwantar da ita a gefen tayar sama, ya rufe ido ɗaya ya bi ta da kallo. Maimakon ta bi tsirkiya sambal, sai ta karkace.

"An taɓa sakin tsirkiyar nan babu kibiya a kai?"

"A'a. To, sau ɗaya. Surukina ne, ran Kirsimeti, ya ɗan sha."

"Ya aka ji ƙarar?"

"Kamar an buga ƙofar mota."

Malose ya ajiye bakan a kan kujera kamar mai kwantar da mara lafiya, ya ce a gaida surukin.

A Mokopane, a wani shagon tsofaffin kaya, ko audugar bai ciro ba. Kusoshin sun yi tsatsa, tsirkiyar ta yi gashi buzu-buzu kamar jelar kyanwar da ta ga kare, bakin tayar ƙasa kuma ya lotsa, alamar an taɓa yar da shi a kan dutse. Mai shagon ya ce ɗan mai kawai yake so. Malose ya ce ni ma ɗan mai kawai nake so, amma ba zan koma ɗan ashirin ba.

Duk waɗannan ban ce komai ba, domin ni ma da aka nuna mini na gani. A Modimolle ne na fara shan jinin jikina. Wani saurayi ne mai faɗin ƙirji, zai tafi aiki ƙetare yana sayar da kayansa. Bakan kusan sabo, a cikin jakarsa, da takardunsa. Nauyin jansa fam saba'in, irin wanda mazan nan suke taƙama da shi a wajen gashin nama. Malose ya yi auduga. Ya yi gwajin kibiya. Ya bi zaren da aka naɗe tsakiyar tsirkiya da farce, ya girgiza bakan kusa da kunne ko wani abu zai yi ƙara, ya leƙa ramin kowace kusa. Ya fi awa ɗaya. Shayin da uwar saurayin ta kawo mana har ya huce.

"Ja ka ji mana, tsoho," in ji saurayin. "Ga kibiya, ga buhun can."

"Ba sai na ja ba."

"To me ya rage?"

Malose ya juya bakan, ya juya, ya nuna wani ɗan kwarzane a fenti wanda ko ƙwayar gero bai kai ba.

"Wannan bai yi mini ba."

Muka fito. Na ja mota na wuce gidan mai, na gangara gefen titi na kashe ta.

"Buti, fenti za ka harba?"

"Ke me kika sani a kan baka?"

"Ban san baka ba, amma na san ka. Asabar huɗu ke nan ina barin wankina. Bakan can lafiyarsa ƙalau."

"Tayar da mota, rana tana yi."

Na tayar, na kai shi gandun. Makon da ya biyo baya ya ƙi zuwa ko'ina. Masu aikin kicin ɗin gandun suka ce mini ya koma gyaran waya, wayar da za a tumɓuke nan da wata guda. Yana fita tun da sanyin safiya, ya bi shinge daga wannan kusurwa zuwa waccan, ya dawo bai ci komai ba. Wandonsa ya fara yi masa yawa. Saura mako uku.

A kicin ɗin makaranta nake ta masifa ni kaɗai, ina buga murafen tukwane, sai Tannie Ronel ta leƙo. Tsohuwar malamar lissafi ce da ta yi ritaya, takan zo ran Laraba ta taimaka wa 'yan aji bakwai. Gajeriya, mai furfura, muryarta kamar ta sajan. Ta tsaya ta ji labarin har ƙarshe.

"Ina da baka ɗaya a ƙarƙashin gado," ta ce. "Da shi na yi farauta shekara goma sha biyu, sai gwiwar hannuna ta ce ya isa. Kawo yayan naki ran Asabar. Ki ce masa ya zo da audugarsa."

Da na faɗa masa sai ya ce, "Bakan mace?"

"Barewar za ta tambayi takardar haihuwar mai shi ne?"

Ya zo dai. Gidan Tannie Ronel yana bayan gari, da itatuwan lemon tsami da damin ciyawa uku a jingine da katanga. Ta fito da bakan a cikin jaka mai kauri. Ta ce bai taɓa kwana a mota ba, ba wanda ya taɓa sakinsa babu kibiya domin ba ta ba maza aro, tsirkiyar kuma bara waccan ta sauya ta, tana shafa mata kakin zuma ko da ba ta harbi. Malose bai yarda da ko ɗaya ba sai da ya duba. Ta zauna a kan bokiti tana kallonsa, hannu a ƙirji, kamar mai tsaron jarrabawa. Auduga ta fita fes. Kibiya ta bi tsirkiya sambal. Fenti kuwa duk ya goge a wajen mariƙi, na zuba masa ido in ji ko zai yi magana. Bai yi ba.

"Jingina da bango," ta ce. "Buɗe hannuwa."

Ta auna shi da tef daga yatsa zuwa yatsa, ta raba da biyu da rabi a ka, ta ce tsawon jansa ya ɗara nata da kaɗan. Ta ɗauko wani ɗan makulli ta matsar da wani abu a jikin tayoyin biyu. Sannan ta ɗaura masa 'yar ƙugiyar jan tsirkiya a wuyan hannu, ta ɗora kibiya, ta nuna damin ciyawa.

"Saura abu ɗaya, kuma ka san shi. In akwai abin da ya saki a ciki, sai an ja yake ƙara, kuma kunnen mai ja ne ya fi kusa. Bismillah."

Malose ya miƙa mata bakan.

"Ja ke, Tannie, ni in saurara."

"Da zan iya ja, da ban sayar ba."

"To Mosima ta ja."

A nan na tashi. Allah ya sani na yi ƙoƙarin yin shiru a gidan mutane, amma abin ya zo mini wuya.

"Baka biyar ke nan, Buti. Ka shafa, ka shinshina, ka girgiza, ka leƙa. Ko ɗaya ban ga ka ja ba. Ko ɗaya. In ba ka son barewar nan ka faɗa mini in koma ga wankina."

Ya tsaya yana kallon ƙasa. Karo na farko ke nan tun farkon Yuli da na ga ƙafafunsa sun tsaya wuri ɗaya.

"Ban taɓa ja ba," ya ce.

"Na gani ai."

"Ba yau nake nufi ba. Ban taɓa ba, tun da nake."

Tannie Ronel ta sauke hannuwanta.

"Makon da na fara bin sawu," ya ce, "Oom Stoffel ya tara mu a bakin rumfar fiɗa. Ya ce bakan baƙo a mariƙi ake ɗaukarsa, tsirkiya ba ta ma'aikaci ba ce. Wani kafin ni ya taɓa ja ya saki, bakan ya tarwatse, a ranar ya kwashe kayansa da iyalinsa. Na ɗauki baka ya fi dubu, Sesi. Na goge su, na rataye su, na kai su mota. Yanzu in na kai hannu zan ja tsirkiya, da kansa yake dawowa." Ya dubi tafin hannunsa. "Kuma in na ja na kasa fa? A gaban wancan mai ƙirjin na Modimolle? Ni da na yi shekara talatin ina cewa wane bai iya ba, wane bakansa ya fi ƙarfinsa."

Haushi ya cika ni har na rasa wanda zan zaga, tsohon da ke cikin kabari ko wannan da ke gabana. Mutum ya mutu shekara tara, har yanzu yana riƙe da hannun yayana.

Tannie Ronel ba ta ba shi haƙuri ba, ba ta kuma yi masa wa'azi ba.

"Nan ba mai ƙirji," ta ce. "Daga tsohuwa sai ƙanwarka mai baki. Ni zan duba lemona. Mosima, juya baya."

"Ba inda zan juya. Man mota na ƙona na zo."

Ya ɗaga bakan. Ya maƙala ƙugiyar. Ya ja da ƙarfin damtse, ya ɗaga bakan sama kamar mai harbin gajimare, jijiyoyin wuyansa suka tashi, tsirkiyar ta zo rabi ta tsaya. Ya mayar da ita a hankali, yana haki. Kafaɗar nan ta ɗauki gawar jakin dawa ba adadi, ba ta da sauran kirki.

"Kin gani ko," ya ce.

"Na ga kana ja kamar mai fizgar akuya daga gonar mutane," in ji Tannie Ronel, wadda ashe ba lemon take kallo ba. Ta karɓi bakan, ta sa makulli a babbar kusar sama ta sassauta zagaye uku, ta yi wa ta ƙasa uku daidai. "Yanzu ya dawo arba'in da biyar. Ya ishi impala har ya yi saura, in ka sa kibiyar inda ya kamata, kuma wannan ba ni zan koya maka ba. Kada ka ɗaga sama. Nuna ciyawar. Manta da hannunka, da baya ake ja. Ka ɗauka wani yana tsaye a bayanka yana maka surutu, kai kuma za ka kai masa gwiwar hannu."

"Ka ɗauka ni ce," na ce.

Ya ja. Tsirkiyar ta zo, ta yi tauri, sai tayoyin suka juya, ta faɗo masa har gefen baki. Ya tsaya a haka. Ban ga yana auna komai ba, kansa ya ɗan karkata wajen bakan, saurare yake.

"Shiru," ya ce ta gefen baki. "Ba ƙara ko kaɗan."

"To saki mana, kafin ka shiɗe."

Kibiyar ta sami damin ciyawa can gefe, saura kaɗan ta wuce katanga. Tsirkiya ta tsula masa bulala a hannun hagu, wurin ya tashi nan take. Ya dubi hannun, ya dubi bakan, ya ce a ba shi wata kibiyar. Sai da ya harba goma sha ɗaya Tannie Ronel ta ƙwace, ta ce gobe ba zai iya ɗaga cokali ba. Ta faɗi kuɗinta, bai yi ciniki ba, ta haɗa masa da jakar da kibiyoyi shida da abin kare hannu.

Kwana ashirin suka rage. Ya kafa buhun yashi a bayan rumfar fiɗa, safe da yamma yana can. Ya zo gidana ya ɗauke murfin ƙaramar tukunyata ba tare da ya tambaya ba, ya zana da'irarsa a jikin buhun. Ya ce in bai zuba kibiya shida a cikin da'irar nan daga taku ashirin ba, kwana uku a jere, ba zai shiga ɗakin fako ba, ko da Agusta za ta wuce. Na ce baƙin da suke zuwa wa yake yi musu wannan jarrabawar? Ya ce shi ya sa gwiwoyinsa suka lalace. Sau biyu yana kai kwana biyu, a na uku kibiya ɗaya ta fita, ya koma farko. Ni kuma ina makaranta ina ƙona miya saboda tunani. Sai ran ashirin da takwas ga wata ya turo mini saƙo a waya, kalma biyu: ta yi.

Ran Juma'a ya zauna shi kaɗai, iska ta juya, ba abin da ya zo sai gadu da 'ya'yanta. Ran Asabar ya ce in zo. Wikus ya so ya zauna da shi, ya ce a'a, Mosima. Lahadi ba a farauta a gandun, Litinin kuma ta masu lemo ce.

Ɗakin fakon ɗan ƙarami ne, rabinsa a cikin ƙasa, da wata siririyar taga mai kallon mashaya. Ya hana ni turare, ya hana ni waya, ya hana ni magana. Muka shiga da ƙarfe bakwai na safe. Mutumin da ba ya iya zama ya ci tuwo ya zauna awa biyar kamar an dasa shi. Ni ce na rasa inda zan sa kaina. Ƙafata ta mutu, bayana ya ƙage, tari ya taso mini na haɗiye shi har hawaye. Zabi suka zo suka tafi. Birai suka zo suka yi faɗa suka tafi. Na fara shirya abin da zan faɗa wa Wikus in ranar ta wuce a banza.

Wajen sha biyu suka fito daga cikin ƙaya, mata bakwai a gaba, namijin a baya. Ya tsaya nesa yana kaɗa kunne. Ya matso, ya sa baki a ruwa, amma ƙirjinsa yana fuskantarmu. Na dubi Malose. Bai motsa ba. Matan suka sha suka fara juyawa, zuciyata ta ce shi ke nan. Sai namijin ya ɗaga kai, ya juya zai bi su, ya ba mu haƙarƙari, ya tsaya yana kallon wata tsuntsuwa.

Ban ga lokacin da ya ja ba. Ƙarar kawai na ji, kamar an buga jiƙaƙƙen zane a kan dutse. Namijin ya yi tsalle, ya ruga, ya yi kamar taku hamsin, ƙafafunsa suka harɗe, ya faɗi a fili muna kallo. Ya shura sau biyu, ya daina.

Malose ya ajiye bakan a kan cinyarsa. Ni na ɗauki rediyon na kira Wikus.

Da Wikus ya iso ya duba inda kibiyar ta shiga, bayan kafaɗa da yatsa uku, ya cire hula. Ya buɗe cikin dabbar, sai ya tsaya da wuƙa a hannu yana kame-kame. A gandun nan duk wanda ya yi kisansa na farko, ana shafa masa jinin dabbar a fuska, a yanko masa ɗanyar hanta ya ci. Al'adar su Wikus ce, ba tamu ba, ni ƙazanta nake ɗaukarta. Malose ne yake yanko hantar yana miƙawa, ga Turawa, ga 'yan birni, ga shi Wikus ɗin kansa.

"Ntate," ya ce, "ko mu bar wannan? Kai babba ne."

"Yi mini yadda ake yi wa kowa."

Wikus ya tsoma yatsu biyu ya ja masa a goshi da kumatu. Ya yanko hanta ya miƙa a bakin wuƙa. Yayana ya karɓa ya jefa a baki, ya tauna, fuskarsa ta yamutse kamar tsohuwar jaka. Da ƙyar ya haɗiye.

"Ashe haka abin nan yake da ƙarni? Kuma ba wanda ya taɓa faɗa mini?"

"Kunyarka muke ji," in ji Wikus.

A rumfar fiɗa Wikus ya naɗe hannun riga ya ce yau shi zai yi, maharbi ba ya fiɗa, Ntate ya je ya zauna a inuwa a kawo masa abin sha. Malose ya je ya zauna. Na duba agogo. Minti biyu bai cika ba ya taso, jinin yana bushewa a goshinsa, ya tsaya a bayan Wikus yana leƙe.

"Za ka huda fatar. Ba nan ba. Wa ya koya maka riƙe wuƙa haka?"

"Kai."

"Ban koya maka haka ba. Kawo nan. Sesi, kama mini ƙafar baya."